Hoton Jijiyoyin Zuciya: A Riƙa Auna Haske Kafin A Yaba Hoto

Duk lokacin da aka kafa sabuwar na'urar ɗaukar hoto a wani babban asibiti, akan yi biki, manyan baƙi su yanke ƙyalle, a yi ta jawabai a kan miliyoyin da aka kashe da kuma kyan hoton da na'urar ke fitarwa. Ba safai akan ji wani ya tashi a wurin ya tambayi yawan hasken da na'urar za ta riƙa zuba wa majiyyaci kafin ta ba da wannan hoto ba. Tambayar kuwa ta cancanci a yi ta, musamman game da hoton jijiyoyin jinin zuciya da ake ɗauka da na'urar CT, domin a nan ne kyan hoto da lafiyar mai hoton suka fi yin ja-in-ja.

Zuciya, ko da yake ita ke tura jini ko'ina cikin jiki, ita ma tana da nata jijiyoyin da ke ciyar da ita. Manyansu ba su wuce milimita 3 zuwa 4 a faɗi ba, watau kaurin tsinken ashana ko fiye da haka kaɗan. Idan kitse da alli suka taru a bangonsu, hanyar jini takan ƙuntata, mutum ya fara jin nauyi ko ciwo a ƙirji in ya hau bene ko ya yi sauri. Idan hanyar ta toshe gaba ɗaya, wani sashe na naman zuciya yakan mutu, sau da yawa har da mai zuciyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9, watau kashi 32 cikin ɗari na dukan mace-macen duniya, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan sun auku ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali. Saboda haka ganin cikin waɗannan jijiyoyi da wuri babban al'amari ne.

A da, hanya ɗaya ce likita ke da ita ta ganinsu: ya zura siririyar roba ta jijiyar cinya ko ta hannu har ta kai bakin zuciya, ya fesa ruwan rini, sa'an nan ya ɗauki hoto. Dakta Mason Sones na asibitin Cleveland a Amurka ne ya buɗe wannan hanya a 1958, kuma har yanzu ana bin ta, domin ta nan ne ake iya buɗe jijiyar da ta toshe. Amma tana da nata hatsari na zubar jini da raunata jijiya, ga kuma tsada.

Ranar 1 ga watan Oktoba na 1971 aka fara ɗaukar hoton majiyyaci da na'urar CT, a asibitin Atkinson Morley na birnin Landan. Injiniyan da ya ƙera ta, Godfrey Hounsfield, ya sami lambar yabo ta Nobel a 1979 tare da Allan Cormack. Yadda take aiki shi ne, wani bututu mai fitar da hasken eksire, watau hasken nan mai ratsa jiki, yana zagaya mutum, a ɗaya ɓangaren kuma akwai jerin idanun na'ura masu karɓar abin da ya ratso, sai kwamfuta ta haɗa lissafin ta fitar da hoton jiki yanka-yanka kamar an yanka burodi. Na'urar farko kai kaɗai take ɗauka, kuma sai ta yi mintoci kafin ta gama. Zuciya kuwa ba ta tsayawa a ɗauke ta hoto, tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti. Sai da aka ƙera na'urori masu jeri 4 a 1998, da masu jeri 64 a 2004, da mai bututu biyu a 2005, da mai jeri 320 a 2007 wadda ke iya ɗauke zuciya duka cikin bugu ɗaya, sa'an nan hoton jijiyoyin zuciya ya zama abin dogara.

Nasarar ta zo da farashi. Dabarar da aka fara bi ita ce a bar hasken a kunne daga farkon bugun zuciya har ƙarshensa, bugu bayan bugu, gadon da majiyyaci ke kwance yana tafiya a hankali ƙwarai, daga baya a zaɓi ɗan lokacin da zuciya ta fi natsuwa a haɗa hoto da shi. Sauran hasken, wanda shi ne mafi yawa, ya riga ya shiga jikin mutum ba tare da an mori komai daga gare shi ba, sai fa in likita na bukatar ganin motsin zuciyar gaba ɗaya.

Masana suna auna abin da jiki ya sha da wani ma'auni da ake kira milisibat. Kowane ɗan Adam yakan sami kimanin milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da iska da abinci da sararin sama, ko da bai taɓa taka asibiti ba. Hoton ƙirji na yau da kullum, irin wanda ake nema wurin ɗaukar ma'aikaci ko shiga jami'a, yana kamawa daga kimanin milisibat 0.02. Da wannan awo mai karatu zai gane nauyin abin da wani bincike ya bankaɗo a 2009. Dakta Jörg Hausleiter na birnin Munik a Jamus da abokan aikinsa sun bi diddigin majiyyata 1,965 da aka ɗauki hoton jijiyoyin zuciyarsu a asibitoci 50 na ƙasashe dabam-dabam cikin 2007. Suka tarar matsakaicin abin da majiyyaci ke sha ya kai milisibat 12, daidai da hoton ƙirji 600, ko abin da mutum zai tara daga muhallinsa cikin shekara 5. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, asibitin da ya fi zuba haske ya ninka wanda ya fi tsimi fiye da sau 6, alhali aikin iri ɗaya ne.

Illar wannan haske ba ta bayyana nan take. Yakan taɓa ƙwayoyin halittar jiki, galibi jiki ya gyara ɓarnar da kansa, amma jefi-jefi gyaran yakan kuskure, bayan shekara 10 ko 20 abin ya zama ciwon daji. A hoton zuciya, huhu da nono suna kan hanyar hasken, babu yadda za a kauce musu. A 2007 Dakta Andrew Einstein da abokan aikinsa a Amurka sun yi ƙiyasi, bisa lissafin da aka gina galibi a kan waɗanda suka tsira daga bom ɗin Hiroshima da Nagasaki, cewa hoto ɗaya ta tsohuwar dabara yana iya jawo ciwon daji ga mace 1 cikin 143 in shekarunta 20, amma ga namiji ɗan shekara 80 hatsarin 1 ne cikin 3,261. Ma'anar wannan ita ce, abin da dattijo zai sha ba tare da wata damuwa ba, yana iya zame wa budurwa bashin da za ta biya tana tsakiyar renon 'ya'yanta.

Me ke sa ma'aikacin ɗakin hoto ya ƙara haske? Dalilin a fili yake. Hoton da aka ɗauka da haske kaɗan yakan fito tsaki-tsaki, kamar ana hangen gari cikin hazo. Da an ƙara haske sai ya yi sumul, likita ya yaba, majiyyaci ya ga kuɗinsa ba su tafi a banza ba. Sai dai ƙa'idar lissafin ba ta da sauƙi: a tsohon tsarin haɗa hoto, wanda ke son ya rage tsaki-tsakin da rabi, tilas ya ninka hasken sau 4. Akwai kuma wani abu da ya bambanta wannan zamani da na da. A lokacin da ake wanke fim, in haske ya yi yawa fim ɗin yakan yi baƙi, kuskuren ya tona kansa. A na'urar CT kuwa, yawan haske ƙara wa hoto kyau yake yi, saboda haka kuskuren yakan ɓuya cikin yabo. A 2009 aka gano cewa a wani babban asibiti na birnin Los Angeles an yi wata 18 ana zuba wa masu hoton ƙwaƙwalwa haske da ya kai ninki 8 na abin da ya dace, mutum fiye da 200 abin ya shafa, kuma ba a farga ba sai da gashin kan wani majiyyaci ya fara zubewa. Idan haka ta faru a inda ake da ƙwararru da kayan aiki, babu asibitin da zai ce ya fi ƙarfin irin wannan kuskure.

Abin farin ciki shi ne, hanyoyin rage hasken sanannu ne, kuma mafi yawansu sun dogara ga kula da ƙwarewa fiye da kuɗi. Ta farko ita ce natsar da zuciya. Idan aka ba majiyyaci maganin rage gudun zuciya har bugun ya sauko wajen 60 a minti, hutun da ke tsakanin bugu da bugu yakan tsawaita, na'ura ta sami sararin ɗaukar hoto ba girgiza. Ana kuma sa masa wani magani a ƙarƙashin harshe domin jijiyoyin su buɗe. Haka nan tilas a koya masa riƙe numfashi tun kafin ya hau gado, kuma cikin harshen da yake ji. Dattijon da na'ura ta yi wa umarni da Turanci bai fahimta ba, zai yi numfashi a tsakiyar aiki, hoto ya lalace, a sake, ya sha haske ninki biyu saboda rashin bayanin minti 2.

Ta biyu ita ce a haɗa na'urar da abin auna bugun zuciya ta yadda hasken ba zai kunnu ba sai a daidai lokacin da zuciya ta huta, sauran lokacin ya zauna a kashe. Gwajin da masanan na Munik suka yi ya nuna wannan kaɗai ya rage haske da kashi 69 cikin ɗari, kyan hoton kuwa bai ragu ba. Ta uku ita ce rage ƙarfin wutar bututu daga kilobolt 120 zuwa 100 ga wanda ba shi da ƙiba, abin da ya rage kashi 31 cikin ɗari a wani gwajin nasu, ya kuma sa ruwan rinin da ake ɗura wa majiyyaci, mai sinadarin aidin, ya ƙara fitowa fili cikin jijiya. Ta huɗu ita ce a taƙaita hoton ga zuciya kaɗai, kada a faro daga wuya a gangara har ciki don gudun kuskure. Ta biyar ita ce sababbin dabarun kwamfuta da suka bazu daga wajen 2009, masu share tsaki-tsakin hoto ta hanyar maimaita lissafi. Da aka haɗa waɗannan duka a na'urori masu sauri, tun 2010 aka nuna ana iya samun hoto mai gamsarwa da ƙasa da milisibat 1 ga majiyyaci marar ƙiba mai natsattsiyar zuciya.

Da aka sake irin wancan bincike a 2017, a asibitoci 61 na ƙasashe 32, da majiyyata 4,502, aka tarar matsakaicin hasken ya ragu da kashi 78 cikin ɗari cikin shekara 10, ya dawo ƙasa da milisibat 3 bisa irin lissafin da aka yi amfani da shi a karon farko, kuma hotunan da ba su karantuwa ba su ƙaru ba ta yadda za a damu. Lalle wannan ci gaba ne. To, amma a wannan karon tazarar da ke tsakanin asibitin da ya fi tsimi da wanda ya fi zuba haske ta kai ninki 37. Wannan adadi shi ne ya kamata ya tsaya a ran duk mai ruwa da tsaki a harkar lafiya. Yana nufin cewa abin da majiyyaci zai sha ya dogara ne ga ƙofar da ya shiga da hannun da ya faɗa, kuma shi ba shi da hanyar sani.

Duk da haka, kada a gudu gara a faɗa gidan zago. Tsimin da ya wuce kima shi ma ɓarna ne. Hoton da ya yi hazo har likita ya kasa rarrabe jijiya mai lafiya da mai cuta, duk hasken da aka kashe a kansa ya tafi a banza, ga shi kuma zai kai ga ɗayan abu uku: a sake hoton, ko a tura mutum zurin roba ba da dalili ba, ko a sallame shi da cuta a ƙirji ana ce masa lafiya lau. Mai ƙiba sosai yana bukatar ƙarin haske, tilas a ba shi. Wanda alli ya cika jijiyoyinsa, ko wanda bugun zuciyarsa ba shi da tsari, wani lokaci abin da ya fi masa shi ne a bi wata hanyar bincike dabam. Hoton da ya dace shi ne wanda ya isa ya amsa tambayar likita, da mafi ƙarancin hasken da zai iya yin haka. Wannan ita ce ƙa'idar da Hukumar Kariya Daga Haske Mai Ratsa Jiki ta Duniya ta shimfiɗa tun 1977.

Haka kuma bai kamata tsoro ya hana mai ciwon ƙirji yin hoton da likita ya nema ba. A ƙasar Sikotlan an raba majiyyata 4,146 masu ciwon ƙirji gida biyu, aka yi wa rabi hoton CT, rabi aka bi da su yadda aka saba. Sakamakon da aka bayyana a 2018 ya nuna cewa bayan shekara 5, waɗanda suka mutu da ciwon jijiyoyin zuciya ko suka sami bugun zuciya kashi 2.3 ne cikin ɗari a cikin masu hoton, a ɗaya gidan kuwa kashi 3.9. Dalili shi ne an ga cutar da wuri, an fara magani da wuri. Tun 2016 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila ta sanya wannan hoto a matsayin binciken farko ga masu irin wannan ciwon ƙirji. Ga magidanci ɗan shekara 55 mai hawan jini da ciwon sukari da nauyin ƙirji, amfanin hoton ya rinjayi hatsarinsa nesa ba kusa ba. Inda lissafin ke juyewa shi ne wurin mai ƙoshin lafiya da ba ya jin komai, wanda aka lissafa masa hoton cikin jerin binciken shekara-shekara don kawai ofishinsa ne zai biya. Manyan ma'aikata masu zuwa duba lafiya a gida ko a waje ya kamata su lura da wannan.

Nijeriya ta sami na'urar CT ta farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan a 1987, kuma daga lokacin zuwa yau na'urorin sun yaɗu a asibitocin koyarwa da na jihohi da na masu zaman kansu. Doka ma akwai: an kafa dokar kariya daga hatsarin nukiliya da haske mai ratsa jiki a 1995, Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya ta fara aiki a 2001, ga kuma hukumar yi wa ma'aikatan ɗaukar hoto rajista da aka kafa tun 1987. Abin da ya rage shi ne a sa waɗannan su kai ga gadon majiyyaci, kuma matakan da za su kai su can ba masu wuya ba ne.

Da farko, kowace na'urar CT ta zamani tana nuna adadin hasken da ta fitar a ƙarshen kowane aiki. Ya kamata ya zama tilas a rubuta wannan adadi cikin rahoton da ake ba majiyyaci, kamar yadda Tarayyar Turai ta wajabta a dokarta ta 2013. Abin da ake rubutawa ana duba shi, abin da ake dubawa kuwa ana gyara shi. Na biyu, hukumomin da abin ya shafa su riƙa tattara waɗannan alƙaluma daga asibitoci a kai a kai, a tsayar da ma'aunin kwatance na hoton zuciya, duk asibitin da ya zarce shi a nemi ya yi bayani ya kuma gyara tsarinsa.

Na uku ya shafi ma'aikatan da ke tsara kasafi da kwangila a ma'aikatun lafiya. Na'urar da aka saya ba tare da kuɗin horar da masu aiki da ita ba, ba yarjejeniyar gyara, ba tsayayyar wutar lantarki, ba masanin fiziks na asibiti da zai riƙa gwada ta, an sayi doki ne ba linzami. Su kuma sani ba kowace na'urar CT ce ta dace da hoton zuciya ba. Ƙungiyoyin masana sun tsayar da mai jeri 64 a matsayin mafi ƙaranci. Asibitin da tasa ba ta kai haka ba, mutuncinsa shi ne ya tura majiyyaci gaba. Na huɗu, a kyautata ajiyar hotuna da miƙa su daga asibiti zuwa asibiti, domin hoton da ya ɓace ko aka ƙi karɓa, majiyyaci ne ke biyansa sau biyu, da aljihunsa da jikinsa.

Shi ma majiyyaci yana da haƙƙin ya yi tambaya cikin ladabi: wace amsa ake nema da wannan hoto, shin akwai wata hanya marar haske da za ta ba da ita, kuma nawa ne adadin da ya sha. Ya faɗi hotunan da aka taɓa yi masa, ya faɗi in yana da ciwon ƙoda saboda ruwan rinin, mace kuma ta faɗi in tana da juna biyu ko tana zaton haka. Ɗalibai masu neman fannin da za su karanta su lura cewa ƙasar nan tana bukatar masu ɗaukar hoton asibiti da likitocin hoto da masana fiziks na asibiti, domin ragin kashi 78 cikin ɗari da aka samu a duniya aikin irin waɗannan mutane ne.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Na'urar da aka kawo domin ta gano cuta da wuri bai kamata ta zama mai shuka wata cutar a ɓoye ba, tun da an san hanyar kauce wa hakan, an gwada ta, ta kuma yi aiki. Ranar da za a buɗe ɗakin hoto na gaba, bayan an gama yaba kyan hoton, ya kamata a sami wanda zai nemi a nuna masa littafin da ake rubuta adadin haske, da sunan ma'aikacin da aka ɗora wa alhakin duba shi.